'YAN KWANA-KWANA DA KIRAN DA AKE YI MUSU KULLUM

Duk wanda ya taɓa shiga birni ya san jar motar nan mai jiniya. Idan ta taho, direbobi sukan kauce mata, yara su bi ta da kallo, manya kuma su ce, "Allah Ya sa a tarar da sauƙi." Motar 'yan kwana-kwana ke nan, wato ma'aikatan kashe gobara.

Mutane da yawa a karkara suna zaton aikin waɗannan ma'aikata na mutanen birni ne, kuma sai kasuwa ta kama da wuta ake nemansu. Gaskiya ne suna zuwa babbar gobara, kamar wadda ta cinye dubban shaguna a kasuwar Sabon Gari ta Kano a watan Maris na 2016. Amma irin wannan ba kullum take faruwa ba. Abin da yake faruwa kusan kowace rana shi ne ƙananan kira. Wani ɗakinsa ne ya kama. Wani yaronsa ne ya faɗa rijiya. Wani sansa ne ya zurma masai. Wani kuma mota ce ta kife da fasinja a gabansa. Cikin kiran nan akwai masu fitowa daga ƙauyuka.

Ƙauye kuwa yakan yi nisa da tashar kashe gobara. Kafin mota ta iso, mutanen gari su ne a wurin. Abin da suka yi a wannan ɗan lokaci shi ne yakan raba tsakanin barka da jaje. Saboda haka ya kamata kowa ya san irin kiran da ma'aikatan nan suke amsawa, da yadda ake kiransu, da abin da za a yi kafin su zo.

SU WANE NE 'YAN KWANA-KWANA?

Ma'aikatan gwamnati ne. A Nijeriya aikin ya fara ne a Ikko a zamanin Turawa, a ƙarƙashin 'yan sanda. A shekarar 1963 aka yi dokar da ta kafa hukumar kashe gobara ta tarayya. Jihohi kuma suna da nasu hukumomin, kamar Hukumar Kashe Gobara ta Jihar Kano. Su ne suke da tashoshi a manyan unguwanni da wasu hedkwatocin ƙananan hukumomi.

Tasharsu ba a rufe ta, dare da rana, ranar aiki da ranar Sallah. Aikin karɓa-karɓa suke yi. Idan wasu sun tashi, wasu su hau. Akwai mai zaman jiran waya, akwai direba, akwai masu riƙe mesar ruwa, akwai kuma shugaban ayari mai ba da umarni.

A cikin motar akwai tankin ruwa, da injin tura ruwa, da mesa, da tsani, da igiya, da ƙugiya, da gatari. Akwai wani sinadari mai kumfa na kashe wutar mai. Wasu tashoshin suna da tukunyar iskar shaƙa wadda ake goyawa a baya don shiga hayaƙi ko rami.

Duk kiran da ya shigo rubuta shi ake yi a littafi, da lokacin da ya shigo, da wurin, da abin da aka tarar. Hukumar Jihar Kano takan ba 'yan jarida bayanin kiran da ta amsa daga lokaci zuwa lokaci. A cikin bayanin akan ga kiran gobara, da kiran ceto, da kuma kiran ƙarya.

Kiran gaggawa ba a biyan kuɗi a kansa. Kada tsoron biya ya hana kowa kira.

YADDA AKE KIRANSU

A Nijeriya lambar gaggawa ta ƙasa ita ce 112. Kyauta ce, ko babu kuɗi a waya tana shiga. A Jamhuriyar Nijar lambar masu kashe gobara ita ce 18. Amma akwai wuraren da layi yake ba da wahala. Don haka yana da kyau mai gari ko mai unguwa ya je tasha mafi kusa ya karɓo lambar wayarsu. A rubuta ta da manyan baƙaƙe a bangon masallaci, da ƙofar makaranta, da ajin yaƙi da jahilci. Ba a fafe gora ranar tafiya.

Babban kuskuren da ake yi shi ne jinkiri. Mutane sukan tsaya fama da wuta sai ta fi ƙarfinsu, sannan su tuna da waya. Wani lokaci kuma kowa yana zaton wani ya riga ya kira, alhali ba wanda ya kira. Daidai shi ne a nuna mutum ɗaya a ce, "Wane, kai ka kira." Sauran su ci gaba da aiki.

Mai kira ya natsu, ya faɗi abubuwa biyar:

1. Abin da ya faru.
2. Sunan gari, da ƙaramar hukuma, da unguwa.
3. Wata alama da kowa ya sani, kamar masallacin Juma'a, ko firamare, ko kasuwa.
4. Ko akwai mutum a ciki, kuma su nawa ne.
5. Sunansa da lambar wayarsa.

Ga misalin kira mai kyau:

"Salamu alaikum. Yallaɓai, gobara ce a ƙauye kaza, cikin ƙaramar hukuma kaza. Gida ne a bayan firamare, ɗaki biyu sun kama."

"Akwai mutum a ciki, Malam?"

"Babu, an fito da kowa. Amma akwai tukunyar gas a madafa."

"Ta ina mota za ta shigo?"

"Ta hanyar kasuwa, ranka ya daɗe. Ta gabas kwalbati ya karye. Za a tsayar da mai babur a bakin kwalta ya yi muku jagora."

Wannan kira bai kai minti ɗaya ba, amma ma'aikata sun san abin da za su ɗauko da inda za su bi. Bayan an gama kada a kashe waya, domin sukan sake kira idan sun ɓata hanya.

Kiran ƙarya kuwa babban zalunci ne. Yaro ya ɗauki wayar uwarsa ya kira don wasa, mota ta fita ta ƙone mai a banza. A wannan lokaci wani gidan yana iya kamawa da gaske, kuma babu motar da za ta je. Iyaye su ja kunnen yara a kan wannan.

KIRAN KAKA: GONA DA RUMBU

Kowane lokaci na shekara yana da irin kiran da ya fi yawa a cikinsa. Da kaka, ciyawa ta bushe, an tara dammunan gero da dawa, an jibge kara da harawa. Guntun taba ɗaya ya isa ya cinye wahalar shekara guda.

Wutar gona takan tashi daga masu cinna wa daji wuta don farautar gafiya da zomo, ko masu shan zuma da suka bar bakin wuta, ko yaran da suka gasa gyaɗa suka tafi ba su kashe ba. Idan iska tana kaɗawa, wutar ciyawa tana iya fin mutum gudu.

Gona takan yi nisa da hanyar mota. Sau da yawa ma'aikata sukan iso su tarar wuta ta gama ɓarna. Maganin wannan yana hannun manomi. A share ciyawa ƙal kewaye da masussuka da inda aka tara amfani, faɗin taku da yawa, domin idan wuta ta zo ta rasa abin ci. Kada a jingina kara ko harawa a jikin ɗakin kwana ko rumbu. Kada a tara amfanin gona duka a wuri ɗaya. Idan wutar daji ta tashi, a doke ta da ɗanyen ganye daga gefe da baya. Kada kowa ya tsaya a gabanta, wato inda iska take tura ta.

KIRAN HUNTURU: GOBARAR GIDA

Daga Nuwamba zuwa Fabrairu ne 'yan kwana-kwana suka fi shan aikin gobara. Komai ya bushe, iska tana bugawa, mutane kuma suna neman ɗumi.

Wuta kamar tukunya ce a kan murhu. Duwatsu uku ne suke riƙe da ita. Na farko abin da za ta ci, kamar kara, ko katifa, ko mai. Na biyu iska. Na uku zafi. Idan aka zare dutse ɗaya, tukunya ta faɗi. Ruwa yana kashe wuta ne domin yana ɗauke zafi. Ƙasa da jiƙaƙƙen buhu suna kashe ta domin suna toshe mata iska. Janye kara da zana daga gabanta kuma yana hana ta abinci. Duk aikin kashe gobara a kan waɗannan uku yake tafiya.

Ga abubuwan da suka fi jawo gobarar gida:

Kaskon garwashi a ƙarƙashin gado. Zani ya sauka a kansa cikin dare, ɗaki ya kama. Ko bai kama ba, gawayi yana fitar da wata iska mai guba wadda ba ta da wari. A rufaffen ɗaki tana kashe mutum cikin barci.

Kyandir, da fitilar ƙwai, da maganin sauro mai hayaƙi, idan an ajiye su kusa da gidan sauro ko labule.

Hita ta dafa ruwa da dutsen guga. An ɗauke wutar lantarki, an bar su a jone an fita. Aka dawo da wuta babu kowa a gida.

Wayar lantarki mai arha, da jone-jone barkatai, da batirin sola da aka haɗa ba bisa ƙa'ida ba.

Ajiye fetur a jarka cikin ɗaki, da kananzir ɗin da aka gauraya da fetur, da zuba kananzir a risho ko fitila tana ci.

Tukunyar gas mai yoyo. Iskar gas ta fi iskar shaƙa nauyi, saboda haka ƙasa take kwanciya. Idan an ji warinta, kada a ƙyasta ashana, kada a kunna ko a kashe makunnin lantarki. A rufe kan tukunyar, a buɗe ƙofa da taga, kowa ya fita.

Idan wuta ta tashi, abu na farko shi ne a yi kururuwa a fitar da mutane. A ƙirga yara da tsofaffi. Kada kowa ya koma ciki don ɗauko kuɗi ko kayan ɗaki. Hayaƙi ya fi harshen wuta kashe mutane. Shi kuwa sama yake tashi, don haka wanda ya sami kansa cikin hayaƙi ya yi rarrafe, ya rufe hanci da jiƙaƙƙen ƙyalle.

Ba kowace wuta ake zuba wa ruwa ba. Wutar fetur, da kananzir, da man girki, ƙasa ko yashi ake zuba musu. Mai yana hawa kan ruwa ne, sai ruwan ya kwashe shi ya yaɗa wutar. Idan man suya ya kama a kasko, a rufe shi da murfi. Wutar lantarki kuma sai an kashe babban makunnin gida tukuna, domin ruwa yana ɗaukar lantarki ya kai wa mai zubawa.

Wanda rigarsa ta kama kada ya gudu, gudu yana hura wuta. Ya faɗi ƙasa ya yi birgima, ko a lulluɓe shi da bargo. Wanda ya ƙone a riƙa zuba wa wurin ruwa mai tsabta mai ɗan sanyi har kamar minti 20. Kada a shafa ɗanyen ƙwai, ko man goge baki, ko baƙin mai, ko toka. A rufe da tsabtataccen ƙyalle a kai shi asibiti.

Akwai wata al'ada mai haɗari, wato kulle yara a ɗaki da kwaɗo a tafi biki ko kasuwa. Idan wuta ta tashi ba su da mafita, balle in taga tana da ƙarfe. Haka nan wuraren da yara da yawa suke kwana ko karatu suna bukatar kula sosai. A watan Nuwamba na 2021 gobara ta kama azuzuwan zana a wata makaranta a Maraɗi, yara fiye da 20 suka rasu. A watan Fabrairu na 2025 wuta ta tashi cikin dare a wata makarantar allo a Ƙauran Namoda ta Jihar Zamfara, almajirai 17 suka rasu. Malamai su tabbata ɗakin kwanan almajirai yana da ƙofa mai sauƙin buɗewa daga ciki, kuma an kashe wutar karatu sarai kafin a kwanta.

KIRAN BAZARA: RIJIYA DA MASAI

Idan zafi ya shigo ruwa ya ja baya, lokacin yasar rijiya da haƙa sabuwa ya yi. A nan ne kiran ceto yake yawaita. Wani yaro ne ya leƙa rijiyar da ba ta da murfi. Wani guga ne ya tsinke, mai gida ya shiga ɗaukowa. Wani kuma waya ce ta faɗa masai, saurayi ya ce shi zai ciro.

Abin baƙin ciki a irin wannan kira shi ne sau da yawa ba mutum ɗaya ake rasawa ba. Na farko ya shiga, aka ji shiru. Ɗan'uwansa ya bi shi, aka sake jin shiru. Na uku ma ya bi. Mutane sukan ce aljanun rijiya ne. Ga abin da yake faruwa a zahiri.

A ƙasan rami mai zurfi iska ba ta zagayawa. Akwai wata iska mai nauyi da take fitowa daga ƙasa da ruɓaɓɓun abubuwa. Takan taru a gindin rijiya ta kore iskar shaƙa. Ido ba ya ganinta. Wanda ya sauka cikinta, numfashi kaɗan zai yi ya suma, ko kiran taimako ba zai iya ba. A masai da sokawe kuma ƙazanta tana fitar da iska mai guba mai warin ruɓaɓɓen ƙwai. Idan ta yi yawa takan kashe jin warin, mutum ya zaci ta wuce, alhali lokacin ta fi ƙarfi. Hayaƙin injin ban-ruwa ko janareto shi ma guba ne. Kada a taɓa saukar da inji cikin rijiya ko a ajiye shi a bakinta alhali akwai mutum a ciki.

Tsofaffin masu haƙar rijiya sukan zura fitila da igiya kafin su sauka. Idan ta mutu, sun san iskar ba ta da kyau. Dabara ce mai amfani, amma ba ta isa ba. Fitila tana iya ci gaba da ci alhali akwai guba a ramin. A masai da sokawe kuwa kada a zura wuta ko kaɗan, domin iskarsu tana kamawa.

Idan mutum ya faɗa rijiya, a kira 'yan kwana-kwana nan take. Idan yana magana, a jefa masa igiya mai ƙarfi, da jarka marar komai wadda aka rufe bakinta, ya rungume ta don kada ya nutse. A riƙa yi masa magana ana kwantar masa da hankali. Jama'a su ja baya daga bakin rijiya, kada ƙasa ta rufta masa. Idan kuwa mutum ya sauka da ƙafarsa lafiya sannan aka ji shiru, to iskar ce. Kada kowa ya bi shi, ko ɗansa ne, ko ƙaninsa. A riƙe mai son shiga da ƙarfi. Wannan aiki na masu tukunyar iskar shaƙa ne.

Ƙwaƙwalwar mutum tana fara lalacewa idan ta rasa iska kamar minti 4 zuwa 6. Babu motar da za ta iso ƙauye a cikin wannan lokaci. Don haka maganin gaskiya shi ne rigakafi. A gina wa kowace rijiya baki mai tsawo, a yi mata murfi mai kwaɗo. A cike tsofaffin rijiyoyi da ramukan masai da aka daina amfani da su. Guga ko waya ba su kai ran mutum ba. A ciro su da ƙugiya, in sun ƙi a haƙura.

Dabba ma ana kiran ma'aikatan nan dominta. Sa, ko jaki, ko tunkiya idan ta faɗa rami, sukan zo da igiya su fitar da ita. Kada mai dabba ya ji kunyar kira.

KIRAN DAMINA: KUDUDDUFI DA RUSHEWAR GINI

Da ruwa ya sauka, kududdufai da ramukan da aka ɗebi ƙasar gini sukan cika. Yara sukan je wanka ko kamun kifi. Ramin ɗibar ƙasa yana da yaudara. Gefensa ruwa iya gwiwa, taku ɗaya gaba kuma ya shanye dogon mutum. Ƙasansa laka ce mai riƙe ƙafa.

Wanda yake nutsewa ba ya iya ihu, shi ya sa akan rasa yaro alhali akwai mutane kusa. Kuma duk wanda ya kama, danne shi zai yi. Wanda bai ƙware a iyo ba kada ya faɗa. Ya miƙa dogon sanda, ko ya jefa igiya ko jarka. Idan an fito da mutum yana numfashi, a kwantar da shi a gefensa, a rufe shi da busasshen zani. Idan ba ya numfashi, a kwantar da shi rigingine, a ɗaga haɓarsa, a hura masa iska a baki, a riƙa danna tsakiyar ƙirjinsa da ƙarfi da sauri. Kada a ɓata lokaci wajen juya shi kai ƙasa ko matsa masa ciki. Ko ya farfaɗo sai an kai shi asibiti.

Masu shiga kwalekwale su ma su yi hattara da lodin da ya wuce kima. A watan Nuwamba na 2021 wani jirgin ruwa ya kife a madatsar ruwa ta Watari a Bagwai ta Jihar Kano. Mutane fiye da 20 suka rasu, yawancinsu ɗaliban Islamiyya.

Damina kuma ita ce lokacin faɗuwar katanga da soron ƙasa. Sau da yawa gini yakan ba da alama kafin ya faɗi: tsagewa, ko jiƙewar gindi, ko zubar ƙasa daga azara. Wanda ya ga haka ya kwashe iyalinsa tun da rana. Idan gini ya danne mutane, a yi shiru a saurari inda murya take fitowa. A tono da hannu da shebur a hankali. Kada taro ya hau kan ɓaraguzan. Wayar lantarki da iska ta tsinko kuwa, kowa ya nisance ta, da ruwan da ta faɗa ciki.

KIRAN BAKIN HANYA

Wannan ba shi da lokaci. Garuruwan da suke bakin kwalta sun san shi. Idan mota ta yi haɗari, 'yan kwana-kwana sukan yi aiki tare da jami'an kiyaye haɗurra da 'yan sanda. Su ne masu kashe wuta da ɓalle ƙarfe don fito da wanda ya maƙale.

Mutanen gari su kashe injin motar, su hana shan taba a wurin, su sa alama nesa don tsayar da motoci masu zuwa. Kada a fizgo wanda ya maƙale da ƙarfi, sai dai idan wuta za ta cim masa. Mai yiwuwa wuyansa ko bayansa ya karye, fizga kuma tana iya shanye masa jiki har abada. Inda jini yake zuba a danne da tsabtataccen ƙyalle. Kada a ɗura wa wanda ya suma ruwa.

Mafi muni shi ne faɗuwar tankar fetur. A watan Oktoba na 2024 wata tanka ta faɗi a garin Majiya, ƙaramar hukumar Taura ta Jihar Jigawa. Mutane suka taru da bokitai da jarkoki suna kwasar mai. Wuta ta tashi, mutane fiye da 150 suka rasu. A watan Janairu na 2025 aka sake yin irinsa a mahaɗar Dikko ta Jihar Neja, mutane fiye da 80 suka rasu.

Abin da yake kamawa a fetur shi ne tururinsa. Tururin yana bin ƙasa ya yi nisa ba a ganinsa. Tartsatsi ɗaya daga babur, ko janareto, ko gogar ƙarfe da kwalta ya isa. Wanda kayansa suka jiƙe da mai ba shi da wurin gudu. Idan tanka ta faɗi, kowa ya yi nisa, ya nufi inda iska take fitowa, a kori yara, a kashe duk wutar girki ta kusa, a yi waya.

ME YA SA SUKAN MAKARA?

Akan ji mutane suna cewa 'yan kwana-kwana ba sa zuwa sai an gama, ko sun zo ruwansu ya ƙare. Har akan sami masu jifansu. Yana da kyau a san dalili.

Tashoshi da motoci sun yi kaɗan idan aka kwatanta da yawan jama'a. Ƙauyen da yake da nisan kilomita 30 a kan hanyar burji, mota mai nauyi za ta yi fiye da rabin awa kafin ta kai. Ɗakin kara kuwa cikin 'yan mintoci yake cinyewa. Ga lunguna masu ƙunci, ga 'yan kallo da suke tare hanya.

Maganar ruwa kuma lissafi ne. A ɗauka tankin mota yana cin lita 5,000, wato jarka 200 mai lita 25. Idan mesa tana fitar da lita 500 a minti ɗaya, cikin minti 10 ruwan ya ƙare. Dole su koma su ɗebo, ko a nuna musu wuri mafi kusa. Don haka mutanen gari su ba su hanya, su nuna musu tafki, ko dam, ko babban tankin burtsatse. Jifa ba ta kashe wuta. Idan aka fasa gilashin motar, gobarar gobe ba ta da mai zuwa. Neman ƙarin tasha da mota kuwa haƙƙin jama'a ne. A kai kuka wurin kansila da shugaban ƙaramar hukuma, a rubuce.

ABIN DA KOWANE GARI ZAI TANADA

Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Mai gari, da liman, da ƙungiyar matasa, da ƙungiyar mata su zauna su shirya waɗannan:

1. Lambar wayar tasha mafi kusa, a rubuce a wurare uku ko huɗu.
2. Bokitin yashi da randar ruwa a kowane gida, musamman da hunturu.
3. Doguwar igiya mai ƙarfi, da tsani, da ƙugiya, da tocila, a gidan mai unguwa inda kowa ya sani.
4. Murfi a kan kowace rijiya, da shinge kewaye da ramuka masu zurfi.
5. Matasa kaɗan da za a tura tasha su nemi a koya musu taimakon farko.
6. Mai babur ɗaya ko biyu da aka sani da aikin tarar mota a bakin hanya.

Duk waɗannan za a iya tanadarsu idan aka yi karo-karo. Ɗaliban ajin yaƙi da jahilci suna da nasu aikin a nan. Su ne za su rubuta lambar a bango, su karanta wa maƙwabta wannan bayani a dandali da cikin gidaje. Hausawa sun ce in gemun ɗan'uwanka ya kama da wuta, shafa wa naka ruwa.

Allah Ya kiyaye gari da jama'arsa daga gobara da sauran masifu, amin.